Farantin Dada Insaf

A garinmu, kudu da Kena a ƙasar Masar, inda gonakin rake suka matse hanya har jakuna ba sa wuce juna sai da rigima, ba mai kiran Insaf da sunanta haka tsurarsa. Manya su ce Ummu Gabir, yaran makaranta su ce Dada Insaf, waɗanda suka taɓa ɗanɗana harshenta kuwa sai su ce "matar nan", bayan sun ɗan waiga. Ita ke dafa abincin makarantar firamare tun ranar da wata ƙungiya ta gina ɗakin girki a bayan ajujuwa, kuma tun ranar take faɗa da tukunyar da suka saya mata. Ta dalma ce mai siririn gindi, da ka ɗauke ido adas, ɗan ƙaramin waken nan, ya kama. Duk baƙon da ya zo duba makarantar, kafin ya gama sallama Insaf ta ɗaga masa gindin tukunyar a gaban hanci.

Ita kanta ba ta daɗe a aji ba. Ita ce babba a ɗakinsu, aka cire ta don ta taya uwarta gasa gurasa da renon ƙanne. Daga nan ta bi wata gwaggonta mai girkin biki, ta koyi yadda ake ciyar da unguwa guda ba a ji kunya ba. Ta auri mai gadin kamfanin sukari, ciwon hanta ya ɗauke shi. Ɗanta Gabir ya tafi Kuwait leburanci, yana kiran waya duk Juma'a ya ce ta bar aikin nan ta huta, ita kuma ta ce masa ya huta da ba ta shawara. Abin da ba ta faɗa masa shi ne, ranar da ba ta ji ƙarar cokula a kan faranti ba, ɗan gidan nan nata yakan yi mata faɗi har ta rasa inda za ta zauna.

Lokacin karatu kowa ke ci. Jikan dagaci da ɗan mai yankan rake layi ɗaya suke bi, kowa ya karɓi gurasa da ludayin adas ko wake, wata rana har da ƙwai. Ba mai sanin wa ya ci don marmari, wa ya ci don shi ke nan abin da zai shiga cikinsa ran nan. Insaf dai takan gane su, musamman ranar Lahadi, bayan hutun Juma'a da Asabar. Ba sa surutu, ba sa hura abinci, kuma sai sun suɗe faranti da gurasa har ya yi ƙyalli. A cikinsu akwai Basmala, 'yar aji biyu, siririya mai kitso ɗaure da jan zare, da ƙanenta Karam.

'Ya'yan Abdussabur ne, jikan Hajji Mahran. Duk wanda ya yi furfura a garinmu ya san gidan Mahran. Zaurensu ba ya rufuwa, matafiyi ko daga ina ya fito a can zai ci, kuma suna da wata tukunyar tagulla mai hannu biyu wadda ake cewa wuta ba ta mutuwa a ƙarƙashinta. Gona ta bi rabon gado ta narke. Abdussabur ya koma lodin rake, bara ya faɗo daga kan tarakta bayansa ya taɓu, tun daga nan yake kwance a benci a zauren kakansa. An sayar da ɓaunar da suke tatsa, an sayar da 'yan kunnen matarsa Atiyyat. Tukunyar ce kaɗai ba a taɓa ba. Tana nan bisa wata kanta a zaure, Atiyyat na goge ta da toka da lemon tsami, babu abin dafawa a ciki.

Sai dogon hutun bazara ya zo. Ƙungiyar ta ce ba za a kashe wutar ɗakin girki ba, amma abin da ke hannunsu ba zai kai kowa ba, sai 'ya'yan marasa hali. Niyya mai kyau ce, ban musa ba. Sai dai ƙofar makaranta ta koma wurin shela, domin duk yaron da aka gani ya shiga da azahar an san babu a gidansu. Iyaye da yawa suka haɗiye kunya suka turo nasu. Basmala da Karam ba su zo ba.

Insaf ta yi ta zuba abinci idonta na ƙofa, har ta gaji ta je ta sami shugabar makaranta, Abla Mufida.

"Abla, yaran gidan Mahran fa?"

"Na je da ƙafata, Ummu Gabir. Ubansu ya sa aka kawo mini shayi, ya ce ya gode, 'ya'yansa a ƙoshe suke, a bai wa mabukata."

"A ƙoshe? Da me, da iskar zaure?"

"Ki rage murya. Rabonsu yana cikin abin da kike dafawa kullum. Amma kin san sharaɗin mutanen nan, a nan ake ci. Abinci ba ya fita ƙofa sai naki na ma'aikaciya."

"To ki bar ni da shi."

"Barin ki da shi ɗin nake tsoro. Mutumin nan ba abin da ya rage masa sai mutuncinsa. Kika taɓa shi, wallahi ko an koma karatu zai iya hana su zuwa."

Lungunsu ɗaya da gidan Mahran. A hanyarta ta komawa ta tarar da Basmala zaune a bakin ƙofa, ta rungume wata jar kaza mai ɗingishi da take kira Hanim, wai don tana tafiya da yanga kamar matar babban mutum. Rigar yarinyar ta yi mata yawa a wuya, kuma rigar da ta sani ce, wadda ta yi mata daidai kafin hutu.

"Ke, 'yar nan, ba a ganin ki. Kin fi ƙarfin adas ɗina ne?"

Basmala ta sunkuyar da kai tana shafa kazar. "Baba ya ce mun ƙoshi, Dada."

Insaf ta wuce tana jin zuciyarta na tafasa. Kafin ta kai gida ta sami dabara, ta kuma yaba wa kanta ƙwarai. A wurinmu in mace ta yi girki mai daɗi takan zuba a faranti ta aika wa maƙwabciya. Ba mai kiran wannan sadaka, matar dagaci ma tana karɓa. Ta ciro wani farantin tangaran mai shuɗin baki daga kayan aurenta, ta juye rabonta na makaranta, ta ƙara da miyar kuɓewa, ta rufe da gurasa, ta kai da kanta.

"Ummu Karam, ɗanɗana mini wannan don Allah. Kamar gishiri ya yi yawa, harshena ya tsufa."

Atiyyat ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Wani abu ya gilma a fuskarta, Insaf ta ɗauka kunya ce.

Washegari Basmala ta dawo da farantin, an rufa masa ƙyalle, ƙwai a ciki. Haka ake yi. Kwano ko faranti ko tukunya, duk abin da ya shigo gidanka ba ya komawa wurin mai shi wayam, macen da ta mayar da shi wayam kuma sai an yi da ita a bakin famfo har ta mutu. Insaf ta san wannan tun kafin ta iya ɗaura kallabi. Amma saboda ta saba da shi sosai, sai ba ta tsaya ta tambayi kanta daga ina ƙwan ya fito ba. Cewa ma ta yi, alhamdu lillahi, ashe dai akwai ɗan abin taɓawa a gidan. Ta soya ƙwan ta cinye.

Ta sake aikawa, faranti ya dawo da ɗan tsohon cuku mai gishiri, irin wanda ake kankarowa daga gindin tulu. A nan ya kamata hankalinta ya dawo, amma ina. Ta ga wuyan Karam kamar na ɗan tsako, ta ce yaran nan nama suke bukata. Ranar kasuwa ta sayo nama, ta dafa shi da shinkafa da romo, ta cika farantin har yana zuba.

Farantin ya kwana bai dawo ba. Ya sake kwana. Insaf ta wuce ƙofar gidan da safe, ta wuce da yamma, a rufe, babu yara a waje. Ko Abdussabur ya gane? Ko ya yi fushi ya fasa farantin? Ta gwammace a ce ya fasa.

Bayan la'asar aka yi sallama da ƙaramar murya. Basmala ce, ta riƙe farantin nesa da jikinta, idanunta sun kumbura.

"Mama ta ce a gaishe ki. Ta ce ba yawa."

Insaf ta ɗaga ƙyallen. Kaza ce guda, an dafa an soya, an kwantar da ita a kan gurasa. Ƙafa ɗaya a karkace take.

"Wace kaza ce wannan?"

"Hanim ce."

"Mai yi muku ƙwai?"

Yarinyar ta gyaɗa kai. "Baba ya ce gidan Mahran ba ya karɓar nama ya mayar da ganye. Mama ta roƙe shi, ta ce a jira. Ya ce an jira har an yi yawa."

"Akwai wata kazar?"

"Ita kaɗai ce."

Insaf ta zauna a bakin gado. Ƙwan da ta soya ta cinye, ashe shi ne karin kumallon yaran. Cukun, shi ne na ƙarshe a tulu. Ita da hannunta, da farantin aurenta, ta kwashe ɗan abin da ya rage a gidan, tana yaba wa kanta. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Ga kaza a gabanta, ba ta isa ta mayar ba, domin zagi ne wanda ba a yafewa. Ba ta isa ta sake aika faranti ba, domin ba ta san abin da za a yanka ko a sayar gaba ba. In kuma ta daina, yaran sun koma inda suke, har ma babu ƙwai.

"Zauna mu ci tare," ta ce, don ba ta san me za ta ce ba.

"Dada, ba zan iya cin ta ba."

"Yau me kuka ci?"

"Mun sha romonta. Ni ban sha ba."

Insaf ta ture kazar bayan labule, ta ɗumama sauran adas ta ba ta da gurasa. Basmala ta ci a tsaye, idonta na ƙofa, ta suɗe kwanon har ya yi ƙyalli. Da za ta fita ta juyo ta ce, "Kar ki faɗa wa Baba na ci."

Kazar dai a tukunyar makaranta ta ƙare. Insaf ta yayyage ta cikin abincin washegari, yara suka yi ta murna, ita ko gishiri ba ta ɗanɗana ba. Hankalinta ba ya jikinta, adas ya kama fiye da kullum. Tana durƙushe tana kankare ƙanzo tana tsine wa wanda ya ƙera tukunyar, sai hannunta ya tsaya cak. Ta daɗe tana kallon baƙin gindin. Ta miƙe da ita a hannu ta nufi ofis.

"Abla, in mutum ya ari tukunya, yaya yake mayar da ita?"

Abla Mufida ta cire tabarau. Ita ma 'yar ƙauyen ƙetaren kogi ce, ba ta bukaci ƙarin bayani. "Ke kin fi ni sani."

"Ko da makaranta ce ta ara?"

"Makarantar ba ta da mutunci ne?" Ta mayar da tabaraun. "Ni dai ba zan ga abinci ya fita ba. Tukunyar mutane zan ga ta koma gidansu, da rabon yaransu a gindinta. Amma fa in ya gane?"

"Zai gane. Bayansa ne ya taɓu, ba kansa ba."

"In ya ƙi fa, Ummu Gabir? In ya ji an raina shi?"

Ita ma Insaf tambayar ke cin ta.

Ta ɗora ƙonanniyar tukunyar a ka, wayam, ta bi lungu mata na leƙe ta taga. A zauren gidan Mahran ta yi sallama. Abdussabur na kishingiɗe a benci, ya rame har gashin bakinsa ya yi wa fuskar yawa, sanda a gefe, carbi a hannu. Sama da kansa tukunyar tagulla na ta sheƙi. Atiyyat ta leƙo daga ƙofar ciki, da ta ga wace ce sai fuskarta ta canza.

Aka gaisa, gaisuwar da babu ɗumi a ciki.

"In faranti ne kuma, Ummu Gabir, ki ajiye," ya ce. "Zai dawo miki yadda ya kamata."

"Babu faranti, Abu Karam. Roƙo na zo."

Ta sauke tukunyar ta kifa ta a gabansa. "Dubi abin da nake dafa wa 'ya'yan mutane a ciki. Kullum sai ya ƙone, suna ci suna yamutsa fuska. Aron tukunyar kakanka nake so."

Carbin ya tsaya. "Duk garin nan babu tukunya sai tawa? Gidan dagaci fa, an rufe?"

"Ta gidan dagaci ta taɓa ciyar da mai yunwa tun da aka ƙera ta? Wannan na sani." Abin da za ta faɗa, ko mijinta bai taɓa ji daga bakinta ba. "Shekarar da babana ya kwanta ciwo, ina kamar Basmala, uwata takan turo ni zauren nan da kwano a ɓoye cikin mayafi. Kakarka ta zuba mini daga tukunyar nan, ba ta taɓa tambayar 'yar wa ce ba, alhali ta sani. Da ita muka kai kakar alkama, mu duka. Na san ba ta ƙona abinci."

Ya zuba mata ido, ido mai zafi. "Kina ganin ban san yadda ake mayar da tukunyar aro ba?"

"Na san ka sani. Ni ma mace ce ta haife ni, ba zan dawo da ita wayam a yi da ni a bakin famfo ba. Wannan nauyi ne a kaina, kai ba ruwanka, kuma babu abin da zai biyo baya. Kayanka ne ya dawo gida."

Hannunsa ya kai kan sanda ya damƙe, jijiyoyin suka fito. Atiyyat ta dafe ƙirji. Insaf ta ji gumi na bin bayanta, ta ce a ranta shi ke nan, ta ƙarasa ɓata abin, yanzu zai kore ta ya rantse yaran ba za su sake taka makaranta ba, kuma irinsa in ya rantse ya gama.

"Basmala!" ya kira da ƙarfi.

Yarinyar ta fito daga bayan uwarta ta tsaya a tsakiyar zaure, hannuwa a baya. Ya dube ta daga sama har ƙasa, kamar wanda ya daɗe bai gan ta a haske ba. Ya dubi wuyan rigar, ya dubi ƙwaurinta.

"Kin ci abinci yau?"

Basmala ta saci kallon Insaf, ta dawo da ido kan ubanta, ta faɗi abin da aka koya mata.

"Mun ƙoshi, Baba."

Ba wanda ya motsa. Hannun Abdussabur ya saki sandar a hankali, ta zame ta faɗi ƙasa, bai kula ba. Ya juya fuskarsa bango, da ƙyar, saboda bayan.

"Atiyyat, sauko mata da ita."

Atiyyat ta hau kujera, Insaf ta tare ta suka sauke tare. Ta fi yadda take tsammani nauyi. Tana naɗa gammo ya sake magana, bai juyo ba.

"Ummu Gabir. Da sharaɗi."

Insaf ta dakata da naɗin. "Ina ji."

"Tukunyar nan, tun da kakana ya saye ta, ba ta taɓa kwana a waje ba. Kullum ta dawo gida kafin la'asar."

Hawaye suka zo wa Insaf, ta haɗiye su da faɗa. "Kullum? Kai dai ba ka tausayin wuyan tsohuwa. To, kullum ɗin. Ke Basmala, tsayuwar me kike yi? Kama mini hannu ɗaya mana."

Suna fita ta ji wani sauti daga bencin, irin wanda namiji ba ya son a ji. Ta ja ƙofar zauren ta rufe, ba ta waiga ba.

Washegari bayan azahar lungu duka ya ga Dada Insaf ta dawo da tukunyar aro a ka, tana tafe a hankali don kada ta zube. Ba wanda ya ga abin magana a ciki.